Tulun Sumie a Bayan Keke

Sakata, farkon Yuli

Zuwa ga Yaya Tomiko,

Ina gaishe ki da zafin bana, wanda na ji an ce a wajenku cikin duwatsu ya fi namu na bakin teku tausayi. Ina fata gwiwarki ta lafa, kuma mijinki, Yaya Shigeharu, yana samun sauƙin ɓarin jikinsa da ya shanye. Ni lafiyata ƙalau, sai dai likita ya ce in rage gishiri, abin da bai yi mini wuya ba tun da mai zuba shi ta tafi.

Na kira ki sau biyu a waya. Na farko kika ce ba kya ji. Na biyu kin ji sarai, shi ya sa kika kashe. To, ga takarda. Ita ba a kashe ta, sai dai a hura wuta da ita.

Tun da Sumie ta rasu a watan Janairu, tulun ƙashinta da aka kwaso bayan ƙona gawa yana kan teburin karatuna, tsakanin ƙamus da agogo. Kafin magana ta gagare ta, ta ce mini, "Lazar, ka kai ni gida, kusa da Mama." Na ce, "Nan ɗin ba gida ba ne?" Ta ce, "Nan haya ne, sarkin surutu." Saboda haka nake roƙon ki buɗe mata kabarin gidanku a Kuratani.

Na san abin da za ki ce, don mahaifinku ya riga ki faɗa shekaru talatin da suka wuce, da murya mafi ƙarfi: macen da ta yi aure ta bar gida, kabarin mijinta ne nata. Ban musa ba. Amma kabarin gidanmu yana Plovdiv, garin da Sumie ta je sau ɗaya, ta dawo tana cewa cukunmu na Bulgeriya warin safa yake yi. Ga shi kuma dokar ƙasarku, wadda ba ni na rubuta ta ba, ba ta ɗora wa mace sunan mijinta in baƙo ne. Ta rayu tana Nishigaki, ta mutu tana Nishigaki, sunan gidanku da ke jikin dutsen kabarinku ke nan. Ni ne dai na ƙare rayuwar aurena kamar ɗan haya, da sunana daban a ƙasan nata a bakin ƙofa.

Ba ki zo jana'iza ba. Kin ce dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kuma ba mai kula da maigida. Na karɓi uzurin, na ajiye shi inda nake ajiye irinsa. Ba shi nake tuna miki ba. Amsa kawai nake jira.

Mijin ƙanwarki, ko kin so ko ba ki so ba,
Lazar

Kuratani, tsakiyar Yuli

Malam Lazar,

Takardarka ta iso. Rubutunka ya fi na ɗana kyau, kuma wannan ba yabo ba ne gare ka, zagi ne gare shi. Gwiwata tana nan yadda take. Shigeharu yana cin abinci da hagu, rabi a baki rabi a tabarma.

Ka sha littattafai, shi ya sa ko alfarma kake nema sai ka yi kamar mai shigar da ƙara. Ba kai za ka koya mini sunan gidanmu ba. Ni na zauna da shi. Sumie ta hau motar safe tana budurwa, ta bar mini gonar shinkafa, da Baba, da Mama, da miji da aka nemo ya ɗauki sunanmu don kada gidan ya mutu. Ita ta samu birni da Bature mai ba ta dariya. Yanzu ta gaji, tana son inuwa.

Na kunna wa Mama turare na gaya mata. Na yi wa limamin haikalinmu magana. Sumie za ta shiga. Ba don kai ba, ba don dokarka ba. Mama ta mutu tana tambaya ko motar yamma ta iso.

Ka kawo ta kafin sha uku ga Agusta. Obon ɗinta na farko ke nan, kwanakin da matattu ke dawowa gida ziyara. Zan rataya mata farar fitila a ƙofa, don sabon mamaci ba ya gane hanyar gida sai an nuna masa, kuma ba zan kunna wa wadda ƙashinta ke zaune kusa da ƙamus fitila ba. Ka kuma sani, a nan ba ma saka tulu cikin kabari. Juye ƙashin ake yi a jakar farin ƙyalle, a ɗora a ƙasa, ya bi na sauran ya zama ƙasa. Ni zan ɗinka jakar, yadda na ɗinka ta Baba da ta Mama. In an juye, an juye. Kada ka zo mini bayan shekara biyu ka ce za ka koma ƙasarku, a ba ka matarka. Kai kuma ba za ka bi ta ciki ba. Ka nemi naka wurin tun da sauran ƙarfinka.

Kada ka kawo tsaraba. Ba mai ci.

Nishigaki Tomiko

Murakami, ƙarshen Yuli

Yaya Tomiko,

Ina gaishe ku da gyaren da suka fara kuka tun kafin mutum ya buɗe ido. Na gode da sharuɗɗa. Na karanta su a tsaye, don girmamawa. Maganar nawa wurin kuwa, kada ta dame ki. Ban taɓa burin kwanciya har abada kusa da mahaifinku ba, kuma na tabbata shi ma haka.

Mun taso. Za ki ga hatimin wannan takarda ba na Sakata ba ne. A keke muke tafe. Kowace shekara, in makaranta ta ba ni hutu, ni da Sumie mukan hau keke mu bi bakin teku, ita a gaba, ni a baya ina karanta mata allunan hanya tana cewa ta iya karatu. Ban ga dalilin da bana za ta zauna a cinyata cikin jirgin ƙasa ba, wani ɗan kasuwa yana cin ƙwai a gefenta.

Na naɗe tulun cikin bargo, na saka a akwatin katako, na ɗaure bayan sirdi. Ba na ɓoye miki, da nauyi. In na kama hawa, ƙafar gaban keken har ɗagawa take yi kamar dokin da ya ga maciji. Sumie ba ta taɓa yi mini nauyi haka ba tana da rai, sai fa in ana maganar wanke-wanke.

Shinkafa ta yi kore har tana ɗaukar ido, ta fara fitar da kai. Zalɓe yana tsaye a kowace gona kamar jami'in da aka turo dubawa. Ƙauyukan ba kowa a titi sai injin sayar da lemo, shi kaɗai ke aiki da tsakar rana. Manoma kan ɗago su ga Bature mai tumbi da furfura yana haki, su gaishe ni, in amsa da karin harshen Sakata, sai su juya baya su ga ko wani ne ya yi maganar.

Jiya a masauki, tsohuwar da ke riƙe da wurin ta miƙa hannu za ta taya ni da akwatin. Na ce ta bari.

Ta ce, "Me ke ciki haka, baƙo? Giya?"

Na ce, "Matata ce, Inna."

Ta rusuna wa akwatin fiye da yadda ta rusuna mini. Sa'an nan ta ce, "Tana son ɗakin da ke kallon teku, ko na bayan gida? Na teku akwai sauro."

Da yamma ta kawo shayin sha'ir mai sanyi kofi biyu. Ina gaya miki ne don ki san akwai gidajen da ke karɓar mu ba sharaɗi.

In kina da abin cewa, kuma na san kina da shi, ki aika gidan waya na Toyama, a ajiye mini.

Lazar

Kuratani, farkon Agusta

Malam Lazar,

Muna nan. Birai sun cinye mini kokwamba, Shigeharu ya yi tari kwana biyu ya warke.

Na karanta takardarka sau ɗaya, na fita bayan gida na yi ta sarar ciyawa har hannuna ya yi sanyi. Keke. Ƙanwata, 'yar gidan Nishigaki, a ɗaure bayan sirdi kamar kabejin da za a kai kasuwa, tana shan hayaƙin manyan motoci, kana nuna ta ga masu masauki don a ba ka shayi. Tafiyar da jirgin ƙasa ke yi daga safe zuwa yamma. Me zan gaya wa liman? Me zan gaya wa matar Kitagaki, wadda tun yanzu take leƙe ta kan shinge tana tambaya yaushe Baturen zai iso?

Wai da nauyi. Abu kamar gwangwanin ganyen shayi, wanda zan saka a hannun rigata in tafi, shi ne yake ɗaga maka ƙafar keke? Na ɗauki na Mama daga wurin ƙona gawa har gida da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da lema. Ko dai tumbinka kake auna, ko kuwa kana son in tausaya maka. Ka je wani wurin.

Ni ba 'yar makaranta ba ce, amma na san mai jan ƙafa in na gan shi. Ba ka son ka ba da ita, shi ke nan. To, ka faɗa. Kada ka sa in ɗinka jaka in sayi fitila, kai kana can kana kallon zalɓe.

Ka saka keken a jirgi ka zo.

Tomiko

Toyama, makon farko na Agusta

Yaya Tomiko,

Gaisuwa, a taƙaice, don a tsaye nake a gidan waya kuma alƙalamin a ɗaure yake da igiya. Bayana ya ƙone da rana, gwiwoyina sun fara fahimtar taki.

Na sha jin zagi a ƙasar nan, na ladabi da na fili, kuma nakan tara su kamar yadda wasu ke tara kan sarki. Amma naki ya yi fice. Gwangwanin shayi. Mace ce da na zauna da ita tun gashina yana baƙi. Ni na riƙe mata kwano lokacin da magani ke juya mata ciki, ke kuwa sai aiko da busasshen kifi da ba ta iya haɗiyewa. In a wajenki girmanta bai wuce abin da za a cusa a hannun riga ba, wannan tsakaninki da ita ne. Ni dai na san abin da nake ja, don shekaranjiya na ja shi ta hanyar da aka huda cikin duwatsun bakin teku, inda ba gefen keke, motocin siminti suna wuce kunnena, ina ba ta haƙuri da ƙarfi kamar mahaukaci.

Ki gaya wa matar Kitagaki Baturen yana tafe, kuma ya iya cin abinci da tsinke, don na san ita ce tambayarta ta biyu.

Maganar jan ƙafa ba zan amsa ba. Mutanen da suka rubuta littattafan tafiya a ƙasarku, waɗanda kuke sa yara su haddace, duk a ƙafa suka yi, ba wanda ya ce musu su hau jirgi. Akwai sauran lokaci. Zan iso kafin ki kunna fitilarki.

Gidan waya na gaba shi ne na Tsuruga.

Lazar

Kuratani, goma ga Agusta

Malam Lazar,

Lafiya muke. Ban zagi Sumie ba, kai ne ka iya karanta abin da ba a rubuta ba. Na faɗi girman tulu, ka mai da shi wa'azi. Kifin kuma shi take so tun tana yarinya. Ba wanda ya gaya mini ta daina haɗiya, don mai gaya minin yana can yana karatu.

Na wanke dutsen kabari. Na gama jakar. Fitila tana rataye. Ina kake?

Tomiko

Kuratani, bayan Obon

Lazar,

Ba gaisuwa.

An kunna wutar taryar matattu a ƙofa ran sha uku. Na kunna fitila. Duk ƙauyen sun zo, gida-gida, kowa da turarensa, su rusuna wa sabuwar mamaciya yadda ake yi. Suka rusuna wa hoto da jakar da ba komai ciki. Liman ya yi karatunsa yana satar kallon hanya. Matar Kitagaki ta ce, "Ayya, Tomiko, ko dai ya wuce da ita ƙasarsu ne?" Na ce keke ba ya tsallaka teku. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban yafe maka wannan dariyar ba.

Shigeharu ya sa na jawo shi bakin ƙofa, ya zauna yana kallon kwanar hanya har kwanakin suka ƙare. Shi ne ya raka ta tashar mota ranar da ta gudu, in ba ka sani ba.

Ran sha shida na kai fitilar bakin rafi na ƙone ta, yadda aka saba. Ban sani ba ko ta zo. Mama da Baba na san sun zo, sun tarar da wurin 'yarsu a share, ba kowa.

An ce guguwar teku ta bi ta wajenku. In ka mutu a hanya, wa zai san abin da ke cikin akwatin? Ka yi tunanin wannan kuwa, mai ilimi? In kana da rai, ka amsa. In ba ka da shi, ka cuce ni sau biyu.

Tomiko

Tsuruga, bayan Obon

Yaya Tomiko,

Ina da rai, ki yi haƙuri. Takardunki biyu na tarar a nan. Ma'aikacin ya miƙo mini su da hannu biyu, da ya san abin da ke ciki da ya sa safar hannu.

Guguwar ta tsare ni kwana biyu a wata rumfar jiran mota. Ita ke da alhakin waɗannan. Sauran nawa ne. Bayan Fukui akwai mararraba, hagu ta biyo wajenku, ɗayar ta shiga wani kwari inda muka taɓa kwana ni da Sumie shekarar da muka yi aure. Na tsaya a mararrabar na sha ruwa, na duba taswira kamar ban san ta ba, sai na ga keken ya shiga kwarin. Kin ce in faɗa, to na faɗa. Kada ki saba, ba zan riƙa ba ki gaskiya kowane mako ba.

A can na yi Obon. Ƙauyen gida bakwai ne ko takwas, duk tsofaffi. Wani dattijo mai gyaran injin casar shinkafa ya gan ni zaune kan gada da akwati a gefe.

Ya ce, "Kai kuma naka matattun ina suke zuwa? Nisa ai ya yi musu yawa."

Na dafa akwatin na ce, "Tawa ba ta tafi ba tukuna."

Ya ce, "To ai ka hutar da ita zirga-zirga." Ya shiga gida ya fito da yankan kankana uku.

Na ji zafin abin da ya sami Yaya Shigeharu. Shi zan ba haƙuri da bakina. Na matar Kitagaki kuwa bai hana ni barci ba. Game da ko Sumie ta zo, matar da ta taɓa fitar da ni daga tashar Istanbul ba ta jin kalma ɗaya ta harshensu, ba na jin Kuratani mai titi ɗaya zai gagare ta.

Shinkafa ta fara sunkuyar da kai, gefen gonaki ya soma rawaya. Iskar safe ta canza. Ba sauran mararraba tsakanina da ku, na duba. Kada ki rubuto, zan riga takardar isowa. In kin fasa buɗe kabarin, ki gaya mini a ƙofa.

Lazar

Haikalin Kuratani, ƙarshen Agusta

Yaya Tomiko,

Ina gaishe ki daga ɗakin baƙin liman, inda nake hango rufin gidanki da wankinki. Tun da kin rufe ƙofa jiya ba ki ce mini uffan ba, sai mu koma wa takarda. Na ji matar Kitagaki tana ba da labarin a bakin shagon ƙauye, kuma a nata ni ɗan fashin kabari ne. Bari in rubuta yadda aka yi, ko don Yaya Shigeharu da bai iya hawa tudun ba.

Kitagaki ya ture dutsen turaren da ke gaban kabarin, sai ga rami, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Na ɗauka ƙofar farko ce, akwai babba a baya. Na kwance akwati, na warware bargo, na rungumo tulun da hannu biyu na ajiye.

Kika ce, "Wannan fa? Tukunyar jiƙa kabeji ka kawo mana?"

Na ce, "Sumie ce."

Kika ce, "Ita da wa?"

Liman ya yi gyaran murya. Yaron kirki ne, a Tokyo ya yi karatu, kuma da gani ya so a ce yana can. Ya ce, "Inna Nishigaki, a gabashin ƙasa haka suke yi. Duka suke kwashewa. Har tokar sukan share da ɗan buroshi su zuba."

"Duka? Har ƙafafu?"

"Daga ƙafafun ma ake farawa."

Sai kika zaro jakar daga hannun rigarki. Ɗinkin ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma da ƙyar za ta ɗauki abincin ranar ɗan firamare. A nan ne na yi tambayar da bai kamata ba. Na ce, in haka ake yi a yamma, a ɗauki ƙashin maƙogwaro da ɗan na kai da ɗan na nan da can, to ina sauran mahaifiyarku? Kika ce yana inda na kowa yake, masu ƙona gawa sun binne, kuma mutanen kirki ba sa kwashe mamaci kamar masu tashi daga gidan haya. Na ce mutanen kirki ba sa barin rabin uwarsu wa ma'aikatan gunduma. Kitagaki ya tafi duba wata bishiya.

Wannan maganar na janye ta. Ita kaɗai.

Abin da ya biyo baya ba a faɗe shi a shago ba. Liman ya kawo tsinke biyu-biyu, ya ce ƙashi mutum biyu ke ɗagawa tare, kuma tun da ba ki samu yi a Janairu ba, ga dama. Muka durƙusa, kanki kusa da nawa, kina warin maganin sauro. Kika ce, "Riƙe da kyau, malamin banza, za ka yar da ita." Hannunki ne ke rawa, amma ban faɗa ba. Ƙashin maƙogwaron yana sama, inda suka ajiye shi. Kika ce shi za a fara sakawa. Shi na so in riƙe. Na bar miki. Jakar ta cika tulun bai ko nuna an taɓa shi ba. Kika ɗaure, kika zura hannu har kafaɗa cikin ramin kika ajiye ta, kika daɗe ba ki fito da hannun ba.

Sa'an nan kika ce sauran a ba liman ya zuba a ramin gayya na bayan haikali, inda ake kai marasa dangi. Na mayar da murfi, na naɗe bargo, na ɗaure a keke. Shi ne fashin.

Ga inda nake. Ta ce in kai ta gida. Ba ta ce in kai cikin tafin hannu ba. Ramin ba zai ɗauke ta duka ba, na gani da idona. Ramin gayya kuwa sai dai a zuba mu tare. In na koma da ita Sakata, na saɓa alkawari, kuma abin kunyar shi ne da nake gangarowa daga tudun da nauyin nan a bayana, daɗi na ji. Na karanta abin da masana da yawa suka ce game da mutuwa, ba wanda ya yi maganar girman rami.

Gobe da safe zan kama hanya. Ki bar ni in shigo in gaida Yaya Shigeharu, ko ta taga ce.

Lazar

Kuratani, yau ɗin nan

Lazar,

Na ba matar liman ta miƙa maka, kada ka ɗauka na sauko ne. Shigeharu ya ce ka zo da yamma. Ka cire takalmi a waje, ka bar surutu tare da su.

Hannuna bai yi rawa ba.

Ba ka tambayi kowa ba ka kwaso ta duka, ni ban tambayi kowa ba na ɗinka jakar. Taka wautar ta fi, don kai ne mai ƙamus. Maganar ramin gayya na faɗe ta ne don ka ambaci Mama. Ba za a kai 'yar Nishigaki can ba ina numfashi.

Na je na sami liman. Na tambaye shi ko akwai inda aka hana buɗe kabari sau biyu wa mutum ɗaya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce bai taɓa ji ba. Na ce ba ji na tambaye shi ba, hani na tambaya. Ya ce babu. Ƙasar ramin danshi ne da ita, tana ci a hankali. Jakar Baba ta kwanta, na taɓa jiya, kusan ba komai. In an ba ta shekara, za a sami wurin wata jakar.

Saboda haka ka tafi da sauran. Ka ajiye ta wuri mai mutunci, ba kusa da agogo ba. Baɗi ka kawo cikin jaka ɗaya, shekarar bayanta wata, har ta gama shigowa. Kai ka samu abin da kake jan ƙafa dominsa, ita ta samu abin da ta ce, ni kuma na samu Bature a ƙofata duk shekara, ban san laifin da na yi ba.

Na auna tulun da ido. Zai kai mu nesa, kuma na girme ka da yawa. Na yanka ƙyallen, amma ba zan ɗinka duka in ajiye ba, ba a yi wa mutuwa tanadi haka. In ka zo da yamma ka wanke hannu. Zan nuna maka yadda ake ɗinkin. Ba a ƙulla zaren a ƙarshe, kuma ba a komawa baya da allura. Sau ɗaya zan nuna.

Tomiko